Birin Akpugoeze da Raƙumin Dawan Kure: Wa Ke Cin Riba Idan Gari Ya Tsare Dajinsa?

Duk Bahaushen da ya ɗan daɗe a Anacha ya san wata doka da ba a rubuta ba a garuruwan Idemili da ke maƙwabtaka da ita, irin su Obosi da Nkpor da Ogidi: ba a kashe mesa. Ko a ɗaki aka same ta, sai dai a sa sanda a ɗauke ta a kai bakin jeji, wanda kuwa ya kashe ta, al'ada ta ɗora masa yi mata jana'iza irin ta mutum. A Awka birai ne ke da wannan gata, a tafkin Agulu kuma kadoji. A Jihar Inugu akwai garin Akpugoeze, cikin ƙaramar hukumar Oji River, inda wani ɗan biri da masana ke kira da sunan Sclater yake yawo a bishiyoyin bayan gida hankalinsa kwance. Wannan biri babu shi ko'ina a duniya sai a kudancin Najeriya, tsakanin kogin Kwara da kogin Kuros, kuma sai a ƙarshen shekarun 1980 masu bincike suka tabbatar bai ƙare ba. Babu ma'aikacin gandun daji da ya tsare shi a Akpugoeze, babu waya, babu bindiga. Mutanen gari ne suka ce ba a taɓa shi, shi ke nan.

Irin wannan ne ya sa ƙungiyoyin kare namun daji suka sauya salo. Maimakon gwamnati ta kori mutane ta killace daji, sai a bar tsaron a hannun masu zaune kusa da shi, a kuma tabbatar suna samun wani abu a ciki: albashi, ko kuɗin 'yan yawon buɗe ido, ko rijiya da makaranta. Tambayar da ta raba kan mutane ita ce ko wannan tsari yana kawo wa talaka riba ta gaskiya, ko kuwa aikin gadi ne kawai aka ɗora masa ba lada. Batun bai yi nisa da mazauna unguwannin Hausawa na Fatakwal da Anacha da Inugu ba, ko da yake da wuya ka ji ana tattauna shi a majalisar Sarkin Hausawa. Mahauci da mai maganin gargajiya da makiyayi da mai sayen gawayi don tukubar tsire, kowannensu akwai igiyar da ta ɗaure shi da daji, kuma duk dokar da gari ya kafa a kan dajinsa sai ta biyo ta kansu.

Masu goyon baya sukan fara da nuna abin da tsohon tsari ya haifar, kuma a nan ba su da wahalar kawo shaida, domin Arewa ce shaidarsu. Sambisa gandun namun daji ne kafin ya zama sunan da ake tsoro. Kamuku a Birnin Gwari, da Rugu a Katsina, da Falgore a Kano, duk dazuzzuka ne da hukuma ta ce nata ne, ta hana na kusa shiga, sannan ta kasa tsarewa. Da mutumin ƙauye ya ga ba shi da komai a daji sai tara da kamu, sai ya daina ɗaukar sa nasa, ya daina kai rahoton baƙuwar fuska, wani lokaci ma shi ke nuna wa maharbi hanya. Da ɗan gari akan ci gari, in ji masu wannan ra'ayi, kuma da shi ne kawai ake iya tsare shi. Sai su nuna tsaunukan Mbe a ƙasar Boki ta Jihar Kuros Riba, inda garuruwa 9 suka haɗu suka kafa ƙungiya guda, suka shata iyakar dajin da kansu, ƙungiyar kare namun daji ta WCS kuma ta tallafa da ɗaukar 'ya'yansu aikin sintiri, cikinsu har da waɗanda a da farauta ce sana'arsu. Gwaggon birin wannan yanki kusan 300 ne kawai ya rage a duniya, a rarrabe tsakanin Najeriya da Kamaru. A 2020 kyamarorin da aka ɗaure a bishiyoyin Mbe suka ɗauko hoton garke guda ɗauke da jarirai a baya. Dabbar da ake farauta dare da rana ba ta sakewa ta yi irin wannan haihuwa.

Masu adawa ba su musa hoton ba. Abin da suke tambaya shi ne wa ya biya kuɗinsa. Biri ba ya cin camfi, abinci yake ci, kuma a Akpugoeze da garin Lagwa na Jihar Imo, inda shi ma ake girmama wannan biri, abincin nan daga gonar mutane da lambunsu yake fitowa: masara, ayaba, gwanda, lemo, kwakwar manja. Matar da ta wayi gari ta tarar an zubar mata da ɗanyen lemo a ƙasa, an ɓare masarar da ta rage mako biyu ta nuna, ba ta da inda za ta kai ƙara, domin mai laifin yana da kariyar al'ada. Masu binciken da suka yi shekaru suna bin waɗannan birai sun rubuta ƙorafin da kansu, sun kuma lura cewa shigowar addinin Kirista da tasowar matasa sun rage wa haramcin ƙarfi. A Bauchi manoman da ke gefen Yankari sun san abin da garken giwaye ke yi wa gonar dawa cikin dare ɗaya. A Kure ta Nijar, raƙumin dawa na cin wake a gona, yana kuma miƙa wuya ya tsinke mangwaro. Ribar tsaron daji, in ji masu adawa, takan tafi ga ɗan sintiri mai albashi da shugaban kwamiti, hasarar kuwa ta sauka kan wanda gonarsa ce ta ƙarshe kafin jeji, wanda galibi shi ne mafi talauci a garin. Suna ƙara da cewa albashin Mbe ba daga Mbe yake fitowa ba. Gwaggon birin can ba a saba masa da mutane ba, ba ya tsayawa a kalle shi, don haka babu baƙon da zai biya kuɗin kallo. Kuɗin tallafi ne daga waje, kuma tallafi yana da ranar ƙarewa.

A nan ne masu goyon baya ke fito da lissafi. A 1996 raƙuman dawan da suka rage a yankin Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai, 49 ne kacal, kuma su ne na ƙarshe na irinsu a duk Afirka ta Yamma. Ba gandu aka yi musu ba, cikin gonakin Zabarmawa suke kiwo. Aka hana harbi, matasan ƙauyukan suka kafa ƙungiyar 'yan rakiya masu kai baƙi kallo, ƙungiyoyi suka kawo rijiyoyi da ƙananan basussuka don a rage zafin ɓarna. Cikin shekara 20 da 'yan kai adadin ya haura 600, har a 2018 aka ɗebi 8 aka kai gandun Gadabeji a Jihar Maraɗi, inda aka yi kusan shekara 50 ba a gan su ba. Namibiya ta yi doka a 1996 da ta ba mazauna karkara ikon cin amfanin namun dajin ƙasarsu idan suka yi rajistar ƙungiya, yanzu akwai irin waɗannan ƙungiyoyi 86, suna riƙe da kusan kashi ɗaya cikin biyar na faɗin ƙasar, suna karɓar haya daga masu otal da masu farautar biya, suna raba nama. A Ruwanda dala 1,500 ake biya don a kalli gwaggon biri na awa ɗaya, kuma kashi 10 cikin ɗari na kuɗin shiga na gandun dajin ana mayar wa garuruwan da ke kewaye. Amma misalin da ya fi kama hankalin Bahaushe ba na dabba ba ne, na itace ne. A ƙasar Maraɗi, tun daga shekarun 1980, manoma suka koma barin kututturen gawo da kalgo da sabara su tofo a gona maimakon sharewa, kuma abin bai bazu sosai ba sai da manomi ya tabbata itacen nasa ne, ba na ma'aikacin daji da zai zo ya ci shi tara ba. An ƙiyasta fili kusan hekta miliyan 5 ya farfaɗo ta wannan hanya a faɗin Nijar. Darasin da suke cirowa shi ne, abin da mutum ya mallaka ba ya bukatar a roƙe shi ya tsare.

Masu adawa sukan ce a ci gaba da labarin Kure, kada a tsaya a 2018. Ranar 9 ga Agusta 2020 'yan bindiga a kan babura suka kashe mutum 8 a wurin, 6 Faransawa ma'aikatan agaji, 2 'yan Nijar, direba da ɗan rakiya. Daga ranar baƙi suka ɗauke ƙafa, raƙuman kuwa ba su daina cin wake ba. A shekarar ce annobar korona ta rufe filayen jiragen sama, ƙungiyoyin Namibiya suka koma neman agajin gaggawa don biyan masu gadi, kuma ko kafin haka da yawa daga cikinsu, waɗanda ba su da giwa ko kyan wuri, ba sa iya ɗaukar nauyin kansu. A Zimbabuwe shirin CAMPFIRE da aka fara a 1989 ya sha yabo, amma an daɗe ana kukan cewa majalisun gundumomi na riƙe kaso mai tsoka kafin kuɗi ya isa ƙauye, sannan da Amurka ta hana shigo da kayan farautar giwa daga ƙasar a 2014, kuɗin ya ragu ba tare da an tambayi ɗan ƙauye ba. Arzikin da ke hannun baƙon da zai iya fasa zuwa saboda labari ɗaya a rediyo, ba arziki ne da za a ce manomi ya jingina da shi ba. Wa zai ɗauko 'yan yawon buɗe ido daga Turai ya bi da su hanyar Inugu zuwa Fatakwal a halin da ake ciki? Sannan akwai doka. Tun 1978 Dokar Amfani da Ƙasa ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna, don haka garin da ya yi shekara 30 yana tattalin daji zai iya wayar gari a ce an ba wani kamfani.

Akwai kuma wata hujja ta masu adawa da ba a cika jin ta a tarukan masana ba, ita ce kuwa ta fi shafar mai karanta wannan rubutu a Fatakwal ko Anacha. Idan aka ce jama'ar gari su ne masu daji, su wa ake nufi? A ƙasar Ibo da garuruwan Neja Dalta ƙasa ta dangi ce, kuma ɗan gari shi ne wanda kakanninsa ke kwance a wurin. Bahaushen da aka haifa a Inugu, ubansa ma a can aka haife shi, yana jin Ibo kamar ɗan gida, har yanzu baƙo ne a wannan lissafi. Idan aka raba guraben sintiri ba a kiran sa, idan aka zauna shata iyaka ba a neman ra'ayin makiyayi, amma ranar da haramci ya fito da shi za a fara. Bayan taron gwamnonin kudu a Asaba a 2021, jihohi da dama, ciki har da Inugu da Ribas, sun kafa dokar hana kiwon sake, kuma wanda ya ga yadda kalmar kare gona ta zama makami a hannun wasu 'yan sa-kai, ba laifi ba ne in ya ji tsoron kalmar kare daji. Mai maganin gargajiya da ke baje koli a bakin kasuwa, da ƙullin saiwoyi da busasshiyar hawainiya da guntun fatar dabba a kan buhu, shi ne ake gani da ido, shi ya fi sauƙin kamawa. Manyan kuwa ba sa baje koli. A Afrilun 2019 hukumomin Singafo sun kama sama da tan 25 na ɓawon ɗan kunya a kwantena biyu da suka taso daga Najeriya za su Biyetnam. Wannan ba aikin mai shimfiɗa ba ne, aikin masu kuɗi ne da takardun tashar jirgin ruwa, kuma babu kwamitin ƙauye da ke da hannun da zai kai gare su.

Amsar masu goyon baya a kan wannan ta fi sauran amsoshinsu rauni, amma ba fanko ba ce. Suna cewa killace wuri don amfanin kowa ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Hurumin gari da burtali da mashaya duk killacewa ce ta jama'a. A Argungu ana hana su a Matan Fada har sai lokaci ya yi, Sarkin Ruwa ke lura, shi ya sa ake samun giwan ruwan da ake alfahari da shi ranar biki. A tarihin Musulunci ma an san filayen da aka keɓe kusa da Madina tun zamanin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da zamanin Sayyidina Umar. Saboda haka Musulmi ba sai ya yarda da tsafin Idemili ba kafin ya girmama dokar masu masaukinsa, kamar yadda dubbai ke yi a Nkpor ba tare da wata fitina ba. Suna kuma nuna cewa baƙo na da riba ko ba a ba shi albashi ba. Mahautan da suka manyanta sun san lokacin da ungulu ke cika mayanka tana share abin da aka zubar, yanzu kuwa ta yi ƙaranci, har a 2015 aka sa irin wadda muka fi sani cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa, kuma cinikin kanta don magani da tsubbu na cikin dalilan. Indiya ta ga ƙarshen wannan hanya: da wani maganin dabbobi ya kashe mata ungulaye a shekarun 1990, mushe ya taru, karnuka suka yawaita, wani bincike da aka buga a 2024 ya ƙiyasta mutuwar mutane kusan rabin miliyan cikin 'yan shekaru sakamakon haka. Game da shigar da baƙo cikin shawara kuwa, suna tuna cewa a gandun Gashaka Gumti an bar wa Fulani makiyaya wuraren zama a cikin dajin, kuma Inugun nan ce ta zaɓi Malam Umaru Altine, ɗan kasuwar shanu daga ƙasar Sakkwato, ya zama magajin garinta na farko a shekarun 1950. Abin da aka taɓa yi ana iya sake yi, ko da yake tsakanin wancan zamani da yau an yi yaƙin basasa, an kuma yi abubuwa da yawa da suka sa amana ta yi tsada.

Idan aka auna hujjojin, a kan tambayar ko dabba na tsira, masu goyon baya ne ke da rinjaye, kuma rinjayen ba ƙarami ba ne. Kure da Mbe da Akpugoeze sun riƙe abin da gandun hukuma da yawa suka kasa riƙewa. A Bayelsa ma, garin Apoi ya amince a 'yan shekarun nan ya keɓe wani yanki na dajinsa saboda wani jan biri da masana ba su san da shi ba sai a 1993, kuma 'yan garin ne ke sintirin. A kan tambayar kuɗi kuwa, masu adawa sun fi kusa da gaskiya game da Najeriya. Kwatanta Boki da Ruwanda yaudarar kai ce, kuma duk wanda ya yi wa ƙauye alkawarin otal da daloli yana shuka gabar da za ta tsiro ranar da alkawarin ya gaza. Sai dai masu adawa suna kuskure idan suka ɗauka riba ba ta wuce abin da ake ƙirgawa a tafin hannu. Mutanen Ekuri a Kuros Riba suna kula da daji mai faɗin hekta fiye da 33,000 da kansu. A 2016 gwamnatin jihar ta soke haƙƙin mallakar fili kilomita 10 a kowane gefe na wata babbar hanya da ta shirya yi, abin da zai lashe dajinsu. Da yake suna da ƙungiya da taswira da abokai a waje, suka yi ta ƙorafi har aka janye wannan umarni a 2017. Garin da ba shi da irin wannan shiri da ya rasa ƙasarsa shiru. Wannan riba ce, kuma ita ce amsar da ta fi dacewa da dokar 1978, domin dokar ba ta canza ba, amma ƙwace daga hannun garin da ya haɗa kai ya fi tsada.

Batun ɓarnar gona shi ne wurin da nake ganin babu uzuri. Tsarin da ke biyan mai gadi bai biya mai gona ba ya ɗora harajinsa kan wanda ya fi kowa rashin ƙarfi, kuma wannan gyara ne da ke hannun masu shirin: a ware kason diyya tun farko, a sa mutanen da gari ya yarda da su su duba gona su kimanta, a biya kafin kaka ta wuce. Namibiya na da irin wannan asusu, ana kukan kuɗin bai isa ba, amma akwai shi. Abin da ba shi da gyara mai sauƙi shi ne matsayin baƙo. Idan aka buɗe ƙofar kwamiti ga kowane mai zuwa da wucewa, ƙarfin tsarin ya tafi, domin ginshiƙinsa shi ne mutane su san dajin zai zama na jikokinsu. Idan kuma aka rufe ta, an bar makiyayi da fatake da mai magani a waje, su ne kuwa suka fi kowa sanin hanyoyin daji da na kasuwa, kuma dokar da mutum bai zauna an yi da shi ba, tsoro ne kawai ke sa ya bi ta. Ana iya somawa da ƙaramin abu, a ba Sarkin Hausawa ko Sarkin Fawa ko Arɗo kujera a zaman da za a shata iyaka da mashaya, ko da ba shi da kaso a kuɗin. Ko masu ƙasa a Oji River za su yarda da haka a yanayin da ake ciki, da kuma ko shugabannin zango za su iya hana nasu mutanen sayen kan ungulu idan aka ba su kujerar, wannan sai an gwada a wani gari tukuna.